Jitar Ɗan Gwaggona

A danginmu babu wanda na raina a fili kamar ɗan gwaggona, babu kuma wanda nake ganin girmansa a ɓoye kamarsa. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun ina yarinya aka sakar mini baki a kansa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bawana nake ce masa, ko a gaban matarsa, ko a gaban ɗaliban da yake koya wa lissafi a sakandare. Shi kuma ya ce da ni gajeruwa mai bakin reza. Bai taɓa yin fushi ba, ni ma ban taɓa raga masa ba.

Jita yake kaɗawa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Tudun Wada, irin jitar nan mai aiki da lantarki. Yana da wani baƙin akwati da ake jona ta a jiki, amfilifaya, mai nauyin buhun masara. Ranar da ya fara kunna shi a tsakar gida, marigayiya gwaggo ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce an cuce shi, lasifikar a fashe take, ya mayar wa mai ita tun bai gudu ba. Mu dai abin da muka sani, idan rediyo ta fara irin wannan gurnani, ta lalace ke nan. Ya yi ta bayani cewa da gangan ake yi, ana tura wa akwatin sauti ne fiye da abin da zai iya ɗauka, har muryar ta yi kauri ta daɗe ba ta mutu ba. Na ce masa ai ko akuya aka matse haka za ta yi.

A baki ne kawai. Idan ya danna tsirkiya ɗaya ya tura ta sama da yatsa, sautin ba ya yankewa, miƙewa yake yi yana kuka kamar goge, har sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na sha tsayar da keken ɗinkina don in saurara ta katanga, domin shagona yana jingine da gidansu. Ban taɓa gaya masa ba.

Akwatin yana da maɓallai a jere waɗanda ake murɗawa, ya raɗa musu suna da Hausa don yaran ƙungiyar su gane. Akwai kauri, akwai tsakiya, akwai kaifi, sai wanda yake kawo gurnanin, shi kuma ya sa masa suna yaji. Yakan ce yara suna son cika yaji su kwashe tsakiya, saboda idan mutum yana shi kaɗai a ɗaki abin yana ba shi daɗi, amma da zarar ganga ta shigo sai jitar ta ɓace, ƙara kawai ake ji ba a san me take faɗa ba. Shi rage yajin yake yi har sai ka ce ya yi kaɗan, sannan ya cike sauran da hannunsa. Yadda yake kwantar da gefen tafinsa a kan tsirkiyoyin da ba ya so su yi magana, ko uwa mai rarrashin jariri sai haka.

Ba ya saita akwatin a tsaye. Ya ce kaifi miƙe yake fita daga bakin lasifika, wanda ke tsaye a kansa ba ya jin abin da mutanen kujerun gaba suke sha. Saboda haka durƙusawa yake yi, ya kai kunnensa daidai bakin, ya kaɗa, ya murɗa kaɗan, ya sake kaɗawa. Daga nan ya miƙa wa wani jitar, ya taka har ƙarshen coci ya tsaya ya ji. Ya san cocin da babu kowa daban yake da cocin da ya cika, domin rufin kwano da siminti suna ƙara wa sauti tsini, manyan riguna da zannuwan mata kuma suna shanye shi. Ranar bikin godiyar kaka, da kowa ke cin ado, saitinsa daban ne da na sauran ranaku. Shekara da shekaru yana wannan durƙuson, mu kuma muna ta yabon abin da ke fitowa, ba wanda ya yi tunanin abin da yake yi wa kunnen.

A hankali abin ya zo. Jitarsa ta fara cizo. Sautin da ya saba shiga ƙirji ya koma shiga haƙori. Tsofaffin matan da ke zama a gaba suka fara komawa baya, wai sun fi son iskar bakin ƙofa. Kunnensa ne ya daina kama kaifi, shi kuma yana jin sautin ya dushe, sai ya ƙara murɗa maɓallin. Kowa ya gane, babu wanda ya faɗa. Yaran ƙungiyar Baba suke ce masa, yawancinsu shi ya koya musu riƙe jita, wa zai dubi idonsa ya ce Baba ba ka ji? Fasto ma yaba masa yake yi bayan sujada, ya wuce yana sosa kunne.

Wata ranar Laraba da hantsi matarsa ta shigo shagona, ta zauna a kan benci tana juya wani yadi da ba nata ba. Ta ce ƙungiyar za ta naɗi waƙoƙinta a wani ɗan situdiyo a Kwangila, waƙoƙin da mijinta ya tsara kiɗansu tun kafin a haifi wasu daga cikin masu rerawa. Ta ce yaran sun gama shawara a tsakaninsu: za su bar shi ya kaɗa nasa, su yi masa godiya, idan ya tafi su goge, mai piyano ya cike gurbin.

"Ba mugunta ba ce," in ji ta. "Kunyarsa suke ji. Ni ma na kasa. Ke ce kaɗai za ki iya, ke da ba kya jin nauyin bakinki a kansa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na soke yatsana da allura. A goge shi daga kiɗansa, ya zo yana nuna wa mutane yana cewa ku ji nan inda na shigo, alhali ba ya ciki? Na ce mata ta bar ni da shi.

Da la'asar na same shi a ɗakinsa a durƙushe gaban akwatin. Na shiga da abin da na saba.

"Bawana, kunnen nan naka ya yi ritaya, kai kaɗai ba ka samu labari ba. Jitarka ta zama cinnaka, duk coci sosa kunne ake yi."

Ya kwashe da dariya. "Gajeruwa ke nan. Wanda ya wuni da ƙarar keken ɗinki shi zai koya mini sauti?"

Na ƙara, na yi masa wadda ta fi zafi. Ya ƙara dariya, har da tafawa. A nan na gane kuskuren da ni da matarsa muka yi. An ba taubashi damar faɗin komai, amma ba a ɗaukar komai nasa da gaske. Tun ina yarinya nake ce masa kurma, makaho, gurgu, to yau me ya bambanta?

Sai na ajiye mayafina, na zauna a ƙasa kamar yadda ake zama gaban manya, na ce, "Yaya."

Ban taɓa kiransa haka ba a rayuwata. Hannunsa ya tsaya a kan tsirkiya.

"Yaya, ba wasa nake yi ba. Kunnenka ba ya jin kaifi. Abin da kake ji daidai, mu yanka mu yake yi." Na gaya masa maganar matan da suka koma baya. Na gaya masa shawarar yaran, ban rage komai ba. Na tsani kaina, na tsani duk wanda ya bar mini wannan aiki.

Akwatin yana ta ɗan huci a tsakaninmu. Na shirya wa faɗa, na shirya wa ya ce in fita.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun wajen bara."

"Tun bara tsofaffin nan suke shan wannan azaba saboda ni?" Ya girgiza kai. "Yaran nan suna da tarbiyya. Ni ne na bar su da kaya mai nauyi."

Ko kalma ɗaya bai faɗa a kan goge shi da za a yi ba. Ya jawo akwatin ya juyo da bakinsa wajena, ya nuna mini maɓallin kaifi.

"Zan kaɗa. Ki riƙa murɗawa baya a hankali. Inda ya daina cizonki, ki tsaya."

Na murɗa, na murɗa, na ga fuskarsa tana canjawa. Da na tsaya ya ce shi yanzu ji yake kamar an lulluɓe akwatin da bargo. Na ce a wajena kuwa yanzu ne ya dawo. Bai yarda da ni haka kawai ba, malami ne. Ya sa na wuce wurin har sautin ya mutu, don in san yadda mutuwarsa take, sannan na dawo da shi. Ya sa na fita tsakar gida na saurara, na dawo na faɗa masa abin da na ji. Idan na ce "ya yi", sai ya ce "ya yi" ba bayani ba ne, tsirkiyar ƙasa tana fita ko ta nutse? Har rana ta yi sanyi muna abu ɗaya.

Ranar naɗin muka ɗora akwatin a keke napep muka nufi Kwangila. Situdiyon ɗaki ne a bayan wani shago, an manna wa bangonsa soson katifa. Yaran suna ganina suka fara kallon juna. Kafin kowa ya buɗe baki ya ce musu, "Kunnena ya tafi da rabin sautin. Ya kamata in gane da kaina, ban gane ba, ku yi haƙuri. Ga wadda za ta saita mini. Idan kun ji bai yi ba, ku gaya mata, ita ba ta jin kunyata." Mai ganga ya sunkuyar da kai har na ji tausayinsa.

Sauran aikin kuwa nasa ne, kuma babu wanda ya kama ƙafarsa. Ya rage yaji ƙasa da yadda yake sawa a coci, ya ce makirfo yana ƙara wa gurnani yawa. Ya kawar da makirfon daga tsakiyar lasifikar zuwa ɗan gefe, ya sa saurayin da ke kan kwamfuta ya naɗi kaɗan mu ji, ya sake matsar da shi da faɗin yatsa. Ni dai nawa in ce ya yi cizo ko ya nutse. Da aka fara na gaske, ya rufe ido ya kaɗa, yana bin abin da yatsunsa suka sani.

Da aka sake kunna mana abin da aka naɗa, kowa ya kasa kunne. Inda jitarsa ta shigo bayan muryoyin mata, mai piyano ya ɗora hannu a ka. Matarsa tana share ido da bakin mayafi. Na waiwaya in ga yadda shi yake ji, sai na tarar ba lasifika yake kallo ba, fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sake tayar da maganar gogewa.

A hanyar komawa, akwatin yana kan cinyoyinmu, mun kusa shiga Tudun Wada ya ce, "Ni ban ji sautin ba, kin sani. Kamar daga gidan maƙwabta yake zuwa."

Na gyara riƙon akwatin.

"Amma na ga yadda kuka yi," ya ce. "Ranar Lahadi ki zo da wuri."

Tun daga ranar nake riga kowa zuwa coci. In saita, in taka zuwa baya in saurara, in dawo in gyara, ya tambaye ni in ba shi amsa. Na sha ganin hannunsa ya nufi maɓallin nan a tsakiyar waƙa, ya tsaya a hanya, ya koma kan tsirkiya. Matan nan sun dawo kujerun gaba. Kowane mako yana tsayawa a gabansu ya kaɗa musu sautin da shi kansa ya daina ji.