Facin Rigar Ruwata

Mai facin keke na bakin tashar Ƙonni ya liƙa mini kayan mamaci a gadon baya, ya bar ni ina ratsa hadari da su rabin damina ban sani ba.

Planto nake lokacin, ɗan aiken buro, wato ofishin kumandan. Takardun buro nake kaiwa ƙauyukan hanyar Malbaza a keke, da rigar ruwa ta roba guda ɗaya da aka ba ni wurin aiki. Na mance ƙuliƙuli a aljihunta, na rataye ta rani guda. Da na sauko da ita, ɓeraye sun cinye aljihun, sun maida bayanta rariya. Tare muka tashi da mai facin, shi ya sa na kai masa. Ya goge wurin da yashi, ya shafa sholisho, ya ɗora wata baƙar roba mai faɗin faifai, da ɗinkin jan zare a gefenta.

Ko ɗigo bai shiga ba. Amma da zarar hadari ya haɗo sai wurin ya ɗau ɗumi, kamar wani ya dafa ni da tafin hannu. Ga ƙauri, babu wuta kusa. Ɓerayen suka dawo cin rigar, suna kewaye facin ba su taɓa shi.

Wata tsohuwa mai nono a kasuwar ƙauye ta dubi bayana, ta janye ƙwaryarta. Ta ce ta san jan zaren nan. Daga rigar maƙwabcinta aka yanko robar, wanda aradu ta faɗa wa bisa keke bara. An bar kayansa a fako, ba mai taɓawa sai masu karya aradu sun zo. Kafin su iso, riga ta yi ƙafa.

Tun ranar, in sama ta yi gurnani ƙafata ba ta iya taka feda. Takardu suka riƙa makara. Kumandan ya karɓe keken ya ba wani, ya ce in tafi da tsummana.

Na iske mai facin da hantsi yana hura taya. Da na faɗa masa, dariya ma ya yi.

"Haba ɗan'uwa, roba ai roba ce. Ta yi yoyo?"

Na aje masa rigar bisa gwiwa. Na ce, "Ba ta yoyo. Ga hadari can gabas. Saka ta ka tsaya tsakiyar tasha har ruwa shi ɗauke. In mai ita ya zo biɗa, kai ka san inda ka ɗauko ta. Ni na gaji da goyonsa."