Yaya Agogo da Keken Manaja

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya huta. Ga tarihin babbar mace, shugabar ɗaki mai lamba tara, kwamandar fida da filas, wadda direbobi arba'in ke jin muryarta su tsuke ciki, wato Yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda duniya ta sani da Agogo. Ni ƙanenta ne na rubuta, kuma duk kuskuren da kuka gani laifin malaman da suka gaji da ni ne tun ban gama aji ba.

Mama ta ce ranar da likita ya faɗa za a haife ta, ranar ta fito, ba ta ƙara ko awa ɗaya ba. Tun muna yara ita ke tsayawa a ƙofar banɗaki tana ƙirga mana mintin wanka. Da ta girma sai Allah ya haɗa ta da aikin da ya dace da halinta a tashar bas. Tana zaune a wani ɗan akurkin ofis mai taga ɗaya, da littafi da usur, tana rubuta lokacin tashin kowace mota. Ko motarka ta cika har kan bodi, ba ka motsa taya sai ta buga maka takarda.

Ta auri wani mai gyaran firji, mutum mai sanyi kamar kayan aikinsa. Suka kama ɗaki a saman wani gidan haya mai hawa biyu a bayan tasha, tafiyar minti biyar da ƙafa. Ɗakin nan, in kana kwance a gado za ka iya miƙa hannu ka kashe risho, ka miƙa ƙafa ka rufe ƙofa. Amma kuɗin hayarsa, in ka ji, sai ka ɗauka har da lambu a ciki.

Sai ga Manaja, ɗan Yaya na fari, ya iso duniya. Ni na sa masa wannan suna, don ba ya aikin komai, ihu kawai yake yi kowa ya tashi da gudu.

Da zuwansa kaya suka biyo shi. Ƙanwar miji ta aiko da gadon jariri mai gidan sauro da kifayen roba da ke juyawa a sama. Wata ta kawo bahon wanka mai ƙafafu. Aka kawo lilo mai batir, da tukunyar lantarki wadda ba ta dafa komai sai fida. Direbobin tasha kuwa suka haɗu suka sayo keken jariri irin wanda suka fahimta: tayoyi masu kauri, ga burki, ga rumfa, har da wurin ajiye kofi, sai ka ce jaririn zai tsaya shan shayi a hanya. Mijin Yaya ya koma kwana a karkace. In zai je banɗaki sai ya ɗaga baho, ya tsallake lilo, ya ba keke haƙuri.

Gadon mai kifaye dai wanki ake tarawa a ciki, don Manaja bai taɓa yarda ya rufe ido a kansa ba. Ba ya barci sai a keke, kuma sai an tura keken an tsallaka dokin ƙofa, gaba da baya, sau arba'in, tayoyin na yin ƙwas-ƙwas. Yaya ta gano wannan bayan wata biyu tana yawo da ido ja. Ta zana jadawali ta manna a bango kamar na tasha: shan nono ƙarfe kaza, wanka ƙarfe kaza, barcin rana daga sha biyu saura ashirin zuwa biyu saura ashirin. Awa biyun nan su ne dukiyarta a duniya. A cikinsu take wanka, ta ci abinci a zaune, ta tuna cewa ita ma mutum ce.

To, ga inda matsalar take. Mai gidan hayar ba wanda ya taɓa ganinsa. Wakilinsa ake gani, wani dattijo mai tabarau da jakar fata, sau ɗaya a shekara, ranar sabunta takarda. Shi kuma ba ya duba bango ko rufi. Kayan ɗaki yake dubawa. Ya ga talabijin, ƙarin haya. Ya ga kafet, ƙari. An ce ya taɓa yi wa wani ƙari saboda ya ji ƙamshin turare mai kyau. Yaya ta san in dattijon nan ya yi ido huɗu da keken Manaja, sun tashi daga gidan. Inda ƙarfinsu zai kai kuwa sai can bayan gari, mota biyu kafin tasha, ga hutun haihuwarta saura sati biyu, ga tsohuwar da ta yarda za ta riƙe mata yaro a ƙasan gidan nan take. Tashi daga ɗakin nan, tashi daga aiki ne.

Sai dai 'yan haya ma ba a zaune suke ba. Gidan yana da matakala biyu, ta gaba da ta baya, shi kuma Wakili kullum daga ƙasa yake farawa. Saboda haka tun da safe ake kwashe kayan mutanen ƙasa a kai sama. Da ya gama da ƙasa ya kama matakalar gaba, sai a sauko da komai ta baya, nasu da na mutanen sama, a cusa a ɗakunan da ya riga ya duba. Shekara shida ana haka, Wakili yana yawo cikin talakawa yana mamakin yadda suke ƙiba. Mijin Yaya ne shugaban 'yan ɗauka, tunda shi ya saba da kinkimar firji.

Ranar ta zo, Wakili ya makara. Ana jiransa ƙarfe tara, sai sha ɗaya ta wuce ya shigo yana ɗingishi, wai gwiwa. Yaya ta dubi agogo ta dubi Manaja, ta ce ko gwamna ne ke zuwa jadawali ba ya tashi. Sha biyu saura ashirin daidai ta gama turi na arba'in, ta sauke rumfar keken, ta yafa ɗan mayafi a kai saboda haske, ta ɗauki sabulu ta shiga banɗakin baranda don ta wanke fuska. Minti huɗu ta yi.

Da ta fito ɗakin ya koma kamar ranar da suka kama shi. Ba gado mai kifaye, ba lilo, ba baho. Ba keke. Ta buɗe baki za ta ƙwala wa mijinta kira, sai ga sandar Wakili a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. 'Yata, an ce an samu ƙaruwa. Allah ya raya."

"Amin, Baba. Sannu da hawa."

Ya leƙa, ya ga katifa da risho da bokiti ɗaya. Ya girgiza kai. "Ina jaririn?"

"Ya... ya ɗan sauka ƙasa, Baba."

"Ɗan wata uku?"

"Akwai shi da son mutane."

Wakili ya ƙara duban ɗakin, har tausayi ya so ya kama shi. Ya ce bana dai ba zai ƙara musu ba, ta biyo shi ƙasa ya buga mata hatimi, don saboda gwiwar nan ya bar jakarsa a lungun gadon wani malamin makaranta, gwauron ɗaki na ɗaya. Ɗakin gwauro shi ne babban ma'aji, saboda shi ba shi da komai sai littafi da takalmi.

Suka sauko, shi a gaba yana nishi, ita a baya tana addu'a. Ya tura ƙofa. Firji uku, talabijin biyar a jere kamar kanti, kafet a nannaɗe, fanka mai tsayuwa, kifayen roba na ta juyawa abinsu. Gwauro na maƙale a kan taga da littafi a juye. A bakin ƙofa kuwa ga keke, an ajiye shi da lallami don kada fentinsa ya goge.

Wakili ya cire tabarau ya goge ya mayar. 'Yan haya suka taru a baranda, kowa ya sa fuskar wanda ya zo wucewa.

"Firjin nan na wa ne?"

Mai firjin ya duƙa yana gyara takalmi.

"Talabijin ɗin nan fa?"

Mai talabijin ɗin da kansa ya matso ya leƙa, ya ce kai, irin wannan ai sai masu hali.

"Malam, duk naka ne ke nan?"

Gwauro ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma yanzu na gan su."

Wakili ya sa sanda ya ɗaga mayafin keken. Ga Manaja a miƙe, baki buɗe, hannu biyu a sama, yana sharar barcinsa.

"To wannan fa? Shi ma ba mai shi?"

Yaya ta dubi mijinta. Bawan Allahn nan, wanda shi ya sauko da ɗansa hawa guda bai sani ba, sai ya ɗaga kai yana nazarin silin, kamar an kira shi gyaransa. Ta ajiye wannan kallon a ranta don amfanin gaba, ta ratsa mutane ta shiga.

"Nawa ne, Baba. Yaron da keken duka. Don Allah a rage murya."

"A rage murya?" Wakili ya buga sanda a jikin firji. "Shekara nawa kuna mai da ni..."

Manaja ya buɗe ido. Ya ja numfashi mai tsawo, irin na wanda zai yi jawabi, sannan ya saki abin da ya saba. Gwauro ya toshe kunne da littafi.

Yaya ta dubi agogonta. Minti goma sha bakwai kawai ya yi barci, daga cikin awa biyu. A nan ne tsoron ya fita daga jikinta, muryar tasha ta dawo.

"Baba, kai ka tashe shi, kai za ka mayar da shi. Riƙe nan."

"Ke, gidaje huɗu ke jirana! A miƙo min jakata."

"Jakarka tana bayan firji uku. Kayan da ba su da mai su, wa zai taɓa? In abu ya fashe wa zai biya?"

Wakili ya dubi mazan baranda. Duk suka ce gaskiya ba sa taɓa kayan mutane. Ya dubi ƙofa, keke ya tare ta. Ya dubi Manaja, wanda ya riga ya koma ja. Ya jingine sanda ya kama keken.

"Gaba. Tsallaka dokin ƙofar. Baya. Ba da ƙarfi ba, Baba, ba kaya ka ɗauko ba. Ɗaya. Gaba. Biyu."

A na goma sha tara ya tsaya shafa gwiwa, ihu ya dawo sabo, ta ce an koma ɗaya. Dattijo ya yi gumi har tabarau na zamewa. A na arba'in na zagaye na biyu Manaja ya yi hamma, ya juya kai, ya tafi. Gidan ya yi tsit, har ana jin batirin lilo.

Wakili ya yi raɗa: "To a janye firjin."

Ita ma ta yi raɗa: "Firji yana ƙara. Sai biyu saura ashirin."

Haka wakilin mai gida ya zauna a kan nannaɗaɗɗen kafet, a tsakiyar duk abin da aka ɓoye masa shekara shida, ba halin ya yi ko tari. Ya daɗe yana kallon yaron. Can ya matso ya ce da ita a hankali, wai 'yarsa ta haifi 'yan biyu, tana gidansa da su, ɗaki biyu ne su tara, kuma shi ma an yi masa ƙari bana. Rabonsa da barcin kirki tun watan jiya. Wannan turin, dole sai arba'in ne? Yaya ta ce ya danganta da dokin ƙofa. Ta karɓi bironsa ta zana masa jadawali a bayan wata takarda. Kafin ta gama ya jingina da firji ya bi Manaja.

Biyu saura ashirin suka farka tare. Nan take kayan suka samu masu su, aka janye, jaka ta fito. Ya buga wa Yaya hatimi a kan tsohon kuɗi, a hankali, yana satar kallon keke. Sauran ma ya ce bana idonsa ba ya gani sosai. Gwauro kaɗai ya yi wa ƙari, wai ya mai da ɗakin kwana sito. Har yau malamin nan ba ya amsa gaisuwar mijin Yaya. Shi kuwa mijin, kallon silin ɗin nan ya jawo masa turin keke na wata guda, kuma ita ke ƙirgawa.

Yaya ta koma aiki ranar da aka ce, saura minti biyar ƙarfe bakwai tana kan kujerarta.

Da na gama rubuta wannan tarihi na je har ɗaki na tara, na tsallake lilo, na tsaya a kan ƙafa ɗaya don ba wurin ta biyu, na karanta mata tun daga kan kwamandar fida har ƙarshe. Na ce, Yaya, jikokinki za su karanta wannan su yi alfahari, ke ce macen da ta sa haya ta tsaya cik. Tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Badi Wakili zai dawo ai. Sauke ƙafarka daga kan bahon, kuma in za ka fita kada ka buga ƙofa."