Matar Fagam Mai Miki a Ƙauri

A bencin asibitin Birnin Kudu, Turai, wadda ta kawo mijinta a duba masa ido, tana satar kallon matar da ke gefenta. Kumatunta luhu-luhu kamar na mai jin daɗi, amma hannuwan sirara, fatar duk tabo. Zanenta na bikin 'yancin kai ya koɗe. Ta ɗaure ƙaurinta da tsumma, ruwan miki ya ɓullo, tana korar ƙudaje ko kallonsu ba ta yi. A ran Turai, wannan ta daɗe tana zaman bencin nan, wataƙila a gida ma an gaji da yi mata sannu.

"Sannu, baiwar Allah. Sara ne?"

"Ƙaya ce kawai, a gonarmu can Fagam," in ji matar. "Shekara da shekaru ina shan ƙwayar ciwon gaɓoɓi. Likita ya ce ita ke hana jikina kare kansa, ko ƙwarzane sai ya zama gyambo."

"To ki daina mana!"

"In na daina, ko buta ba na iya ɗagawa."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro farar ƙwaya, ta yi bisimilla, ta haɗiye ba ruwa.