Tsugunon da Ya Raba Ikilima da Boko

Ikilima 'yar wani ƙauye ce kusa da Gangara, kuma Allah ya ba ta kai. Tun tana firamare lissafi ba ya yi mata gardama. Da ta ci jarrabawa aka tura ta koleji a Tanut, ubanta Gajere har ɗan akuya ya yanka, yana cewa gidansa zai fitar da malamar asibiti.

To, a gidansu yaro ba ya yi wa babba magana a tsaye, balle ya haɗa ido da shi. Ranar farko a koleji malamin lissafi, wanda a can ake kira mushe, wani baƙo ɗan birni, ya jefo mata tambaya. Baiwar Allah ta fito daga benci, ta tuɓe takalmi, ta tsuguna, ta ba da amsa kanta a ƙasa. Amsar kuwa daidai ce, amma wa ya ji? Aji ya kwashe da dariya. Shi kuma mushen, maimakon ya tsawata, sai ya ce ta tashi, nan ba bakin rijiya ba ne da ake gurfanar da raƙuma. Shi ke nan, suna ya bi ta: Raƙuma.

In ta shigo aji a yi mata kukan raƙumi, in ta ɗaga hannu a ce ta gurfana tukuna. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta daina ɗaga hannu, ta koma bencin baya, kullum safiya sai ciwon kai. Cikin malamai babu ko ɗaya da ya tambayi abin da ya rufe mata baki. A shekara ta biyu aka sallame ta, wai rashin ƙoƙari. Rashin ƙoƙari fa! Ta gaya wa ubanta boko ne ya fi ƙarfinta, kuma har ya rasu abin da ya sani ke nan.

Yau shekara goma sha takwas tana fama da surfe da kiwon awaki. Bana 'yarta Raliya ta ci jarrabawa, Tanut za ta. Ana jibi tafiya Ikilima ta kira ta tsakar gida.

"Ɗauka ni ce mushe. Miƙe sosai, kalle ni cikin ido, ki faɗi sunanki."

Yarinya ta gwada, ta sake gwadawa. Ina! Gwiwa ta ƙi, ta zame ta tsuguna.

"Inna, ba zan iya ba. Ke kika koya mini."

Ikilima ta juya. Ta koma kan turminta, hawaye na ɗiga cikin hatsin.