Ƙwaryar da Inna Ta Ɗora Mini

Jiya maƙwabciyata ta dama kunun kanwa, ƙamshin citta ya tsallako katanga, sai Inna ta faɗo mini a rai. Ita ce uwar ƙungiyarmu ta mata a Korgom, mu da ke dama wa masu jego kunu a gidan likita. Ni aikina surfe da daka, can gindin itacen bedi, ba na ganin kowa sai turmi.

Wata rana hannuna ya yi bororo. Na jingine taɓarya na ce, "Inna, daga yau ku nemi wata. Na gaji."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama hannun ta hura masa iska, sannan ta ɗora mini ƙwarya a ka. "To, ɗiyata, na ji. Amma na yau ke za ki kai. Tahi ki ga bakin da ke shan dakanki."

A ɗakin haihuwa na tarar da wata Bafulatana, ta sauka da asuba, danginta ba su iso daga ruga ba. Na miƙa mata kunun da ludayi, ta sha har gumi ya karyo mata. Ta dube ni ta ce, "Wa ya daka wannan? Ko tsaki babu."

Na dawo na ɗauki taɓaryata. Inna ta yi kamar ba ta gani ba, tana ta iza wuta tana murmushi.

Yau ni ke ɗora wa waɗanda suka gaji ƙwarya. Allah Ya shayar da Inna ruwan Alkausara, Ya sanyaya makwancinta.