Murfin Tankin da Kakana Ya Sassaƙa

Har yau in aka buɗe jarkar da ta sha rana na ji ta yi tsaki, sai na tuna motar mahaifina. Tsohuwar jif ce mai ja da ƙafa huɗu. Da ita yake kwasar mutane da buhuna daga ƙauyenmu na wajen Ɗanzomo zuwa kasuwar Maigatari, ta cikin rairayin da ƙananan motoci ba sa ko gwadawa.

Wata shekara da kaka, bayan girbi, murfin tankinta ya faɗi a hanya. Kakana masassaƙi ne, turmi da akushi ne sana'arsa, kuma ba ya son ganin tsumma a bakin tanki. Ya zauna a gindin darbejiya ya sassaƙa wani murfin na itace, ya naɗe shi da roba, ya danna da hannunsa. "Wannan ko iska ba ta isa ta shiga ba," in ji shi. Kowa ya yaba.

Ba a jima ba motar ta fara ciwo. Da safe lafiya lau take tashi. In an yi nisa sai ƙarfinta ya ragu, a taka totur ta yi kamar ba da ita ake ba. In an tsaya an bar ta a kunne kuma, ta dinga kakkarwa har haƙoran fasinja su haɗu. Mahaifina yakan sauka, ya buɗe tanki ya zura kara ya ga akwai mai, ya rufe, sai ta ɗan ware. Ya canja fulogi, ya wanke kafireto, ya daina shan man 'yan bumburutu. Duk a banza.

A ƙarshe bakanike a Gumel ya ce sai an sauke inji. Abin da za a sayar a gidan bai wuce shanun huɗar kakana biyu ba, waɗanda ya rena tun suna maruƙa. Shi da kansa ya kwance su. "Da tsohuwar zuma ake magani," ya ce. "Motar nan ita ke ci da gidan."

Ranar da aka dawo da ita daga gyara ina ciki, don na kwana biyu wurin gwaggona a Gumel. Ba mu kai rabin hanya ba sai motar ta koma gidan jiya. Mahaifina ya kashe ta, ya zagaya, ni ma na bi shi. Babu fasinja ranar, babu hayaniya. Da ya zare murfin sai muka ji tankin ya ja iska da ƙarfi, wani dogon tsaki. Ya tsaya yana kallon itacen a hannunsa. Sai ya miƙo mini.

"Riƙe nan, uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ya tayar da motar tanki a buɗe. Ko gezau ba ta yi ba har gida. Ashe tanki ma sai da iska: in mai yana fita iska ba ta shiga, sai man ya ƙi tafiya. Murfin asali yana da ɗan rami don haka. Na kakana ba shi da ko ɗaya, saboda kyan aiki.

Kafin mu shiga gari ya ce mini, "Abin da kika gani a hanya ya tsaya a hanya." Washegari na gan shi a bayan rumbu yana huda murfin da ƙusa mai zafi.

Da damina ta zo, da hauya muka yi noma, rabin gonar ya zama saura, ba mu iya noma shi ba. Kakana yakan tsaya kusa da motar yana sauraren ƙararta, ya dafa ta ya ce, "Shanuna ba su tafi a banza ba." Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Tausayinsu duka biyun nake ji, har yanzu ban san wanda ya fi ba ni ba.

Yau in mota ta yi ciwo na'ura ake jona mata, ta faɗi laifin a gaban kowa. Motar an daɗe da sayar da ita ga masu gwangwan, kakana kuma ya rasu bai sani ba. Murfin yana wurina. Ramin a gefe yake, ƙarƙashin roba, inda tsoho ba zai gani ba.