Wutsiyar Damisar Kakana a Aljihuna

Catford, unguwarmu a London

Ana idar da sallar asuba na fito, sanyi yana cizon kunne. Maƙwabcina Marek, mutumin Poland mai gyaran famfo, shi ya gayyace ni kallon wasansu na shigar sojojin ƙasarsu na da. Ni dai fatata na biyo. Fatar damisa ce, kakana ya harbo ta a dajin Birnin Gwari, Baba ya damƙa mini ita ranar da zan taho. Marek ya yi ta naci wai mahayan dawakinsu na da irinta suke yafawa. Na ara masa, da sharaɗin ko ruwa kada ya taɓa ta.

Lewisham

Nan na tarar an yi cancel ɗin jirgin ƙasa. Na faɗa bas, a tsaye har tsakiyar gari. Na sayi shayi a tasha, ashe ruwan zafi ne aka yi wa kala.

Filin wasa, yammacin London

Mai gadi ya zazzage jakata, sannan ya bar ni na shiga. Gaskiya sun yi kyau. Sulke yana walƙiya, ga kwalkwali, ga takobi mai lanƙwasa da takalma rawaya har gwiwa. A bayan kowa an kafa fukafukai na katako da gashin tsuntsu. Mashinsu ya fi gwangwala tsawo, da ƴar tuta a kai.

Sai ga Marek, baki har kunne, fatar a kafaɗarsa. An huda ta wajen wuya, an ɗinka mata jan ƙyalle. Babu wutsiya.

"Marek, ina wutsiyar?"

"Tana shiga ƙarƙashin sirdi, shi ya sa na yanke. Duba yadda ta zauna!"

Innalillahi! Wai in duba! Fatar da ta tsira daga gara da damina tun zamanin kakana, almakashin mai famfo ya gama da ita a mako guda. Raina ya ɓaci. Na sa ya tuɓe ta a gaban jama'a, ya rarumo wutsiyar daga akwatin kayan aikinsa.

Gida

Na iso bayan la'asar, na gode wa Allah da ban mari kowa ba. Ina cire takalmi Baba ya kira, muka gaisa.

"Fatar kakanka fa? Kana shanya ta kuwa?"

Hannuna yana cikin aljihu, riƙe da wutsiyar.

"Tana nan, Baba," na ce.